Telan Da Ya Ce "Ba Ni Na Ɗinka Ba"

Akwai wani tsohon shagon ɗinkin kayan maza da ya yi suna a gari. Ƙa'idarsu ɗaya ce: ba a miƙa wa mutum kwat sai ya dawo gwaji, an ɗora masa ita, an bi kafaɗarsa da alli.

Da mai shagon ya rasu, magada suka sayar wa wani ɗan kasuwa da ake yi wa laƙabi da Sha-Yanzu. Bai taɓa zura allura ba, amma baki kam ma sha Allah.

Ya soke gwaji. Ya fara shigo da ɗinkakkun kwat dila-dila, ana liƙa musu tambarin shagon. Teloli suka yi gum, kowa na tsoron bakin aikinsa. Cikinsu har da babban mai yanka, Baba Almakashi, wanda ya yi furfura a kan teburin nan. Abin na cin ransa, amma yana da iyali, kuma wa zai ɗauki tsoho aiki?

Wata rana wani tsohon direba ya zo karɓar kwat ɗinsa. Tun da ya yi hatsarin mota kafaɗarsa ta hagu ta sauka, kuma Baba ne kaɗai yake yanka masa yadda ba za a gane ba.

Sha-Yanzu ya zaro ɗaya daga dila, ya raɗa wa Baba: "Miƙa masa, ka ce kai ka ɗinka. Ai da kai ya yarda."

Baba ya miƙa masa, direba ya saka. Hannu ɗaya ya rufe masa yatsu, kwala ta karkace. Ya kalli madubi, kunya ta kama shi.

"Baba, ko jikin nawa ne ya ƙara lalacewa?"

Wannan tambayar ce ta ƙona wa Baba rai. Ya ɗaga murya yadda duk shagon zai ji:

"Jikinka lafiya lau, ɗan'uwa. Ba ni na ɗinka ba. Daga dila aka ciro ta."

Kekunan ɗinki suka tsaya cak.

"Ka san a shagon wa kake tsaye?" in ji Sha-Yanzu.

"Na sani, ranka ya daɗe. Teburi ka saya da kekuna. Ba a haɗa maka da bakina ba."

A take aka kore shi. Da ya isa gida matarsa ta riƙe haɓa: "Malam, yanzu gaskiyar za mu dafa?" Shi ma hankalinsa a tashe yake.

Ya kafa tsohon kekensa a baranda. Farko sai facin wando yake samu. To amma direba ba ya rasa abokin hira, duk fasinjan da ya ɗauka sai ya ji labarin. Masu kwat suka fara neman gidan Baba. Teloli suka zame daga shagon Sha-Yanzu ɗaya bayan ɗaya. Shagon ya koma sayar da safa da bel.

Ran nan sai ga Sha-Yanzu a bakin baranda, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, ka dawo. Sunan shagon fa har yanzu a hannuna yake."

Baba bai ko ɗago ba.

"Riƙe abinka, ɗana. Ɗan matsa gefe, ka tare min haske."

Darasi: Ana sayen shago, ana sayen tambari, amma amanar da ta tara masa jama'a ba ta sayuwa. Kada tsoron rasa aiki ya sa ka ara wa maƙaryaci bakinka. Ku tura wa duk mai sana'ar da kuka sani, wataƙila yau yake bukatar jin wannan.