Gidan da Aka Duba Ran Lahadi

Akwai wani mutum da kowa ke kira Yanzu-yanzu, don ba a taɓa ce masa "bari sai gobe" ya yarda ba. In shayi ya yi zafi, gara ya ƙona harshe da ya jira ya huce. In ya ga layi ya yi tsawo, sai ya fice ya koma wani, ya tarar da wanda ya fi shi. Ba mugu ba ne, wallahi, hannunsa a sake yake, kuma ya iya aikinsa. Ranar da ake rabon haƙuri ne kawai ba ya nan.

A ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti yake aiki, a tsakiyar birni. Shekara goma sha ɗaya makullin ɗakin yana aljihunsa, kuma da wannan aiki yake ci da iyalinsa. Masu ciwon suga ne ke fara zuwa, tun kafin bakwai, domin gwajinsu sai da cikin da ba komai. Ba a karyawa, ba a shan shayi, sai an ɗebi jini tukuna. Shi da kansa yake ja musu kunne: "Kada a sa komai a baki sai na zo." Suna jin maganarsa kuwa, don bakwai daidai za a ji ƙarar makullinsa. Gidan hayarsa na bayan asibitin, da ƙafa ma yake zuwa.

To, gidan hayar nan ne ya ishe shi. Ɗaki biyu ne da shi da matarsa da 'yan biyunsu, ga maƙwabcin sama da ke jan kujeru kamar yana noma. Da ya tara abin da ya tara, sai zama ya gagare shi. Yana cin abinci yana duba hotunan gidaje a waya, yana alwala yana zancen tsakar gida.

Wata Lahadi da hantsi wani dillali ya kai su sabuwar unguwa a bayan gari, can bayan an tsallake gada. Yanzu-yanzu ya duba agogonsa a ƙofar asibiti, ya sake dubawa a ƙofar gidan.

"Minti ashirin da takwas!" in ji shi. "Maman 'yan biyu, kin gani? Ai wannan ƙofa da ƙofa ne."

Gida kam ya yi kyau. Ɗaki uku, kicin mai taga biyu, ga bishiyar lemo a tsakar gida. 'Yan biyu suka shiga tsere daga wannan ɗaki zuwa wancan. Matar ta shafa bango, ta buɗe famfo, ta yi murmushi, sannan ta ja mijinta gefe.

"Baban 'yan biyu, ya yi mini. Amma yau Lahadi ce fa, duk gari na kwance. Gidajen nan da ka gani, kowane da mai zuwa aiki a ciki, gadar kuma ɗaya ce. Ka zo gobe da asuba, ka koma daga nan ka gani."

Dillali yana da kunnen jin abin da ba a gaya masa ba. Ya matso yana kaɗa makullai.

"Ranka ya daɗe, ni ba na matsa wa mutum. Sai dai akwai wani mai zuwa da yamma, kuma shi ba dubawa zai zo yi ba."

Shi ke nan, an taɓa Yanzu-yanzu inda yake masa ƙaiƙayi. Ya zagaya tsakar gidan sau uku kamar wanda ya taka garwashi.

"Kwana ɗaya tak nake roƙo," in ji matar.

"Haba! Hanya ai hanya ce. Litinin za ta ƙara mata tsawo ne?"

A kan bayan motar dillali ya sa hannu a takarda, biron ma arowa ya yi. Cikin mako biyu suka tare.

Litinin ɗin farko ya shiga motarsa shida da kwata yana fito da baki. Bai kai gada ba ya ga jajayen fitilun motoci sun miƙe iya ganinsa. Tirƙashi! Ya danna hon, ya leƙa ta taga, ya koma wancan layin, wanda ya baro ya motsa. Takwas da rabi ya isa asibiti, rigarsa sharkaf da gumi. Masu jira suna zaune a kan benci, kowa ya yi zuru, yunwa ta sa ba mai ko iya yi masa faɗa.

Daga nan hankalinsa bai sake kwanciya ba. Ya koma fita biyar da rabi, sai ya tarar duk unguwar ma dabarar da ta yi ke nan. Ya bi wata hanyar bayan masana'antu da wani direba ya kwatanta masa, ya ɓace, ya ɓullo inda ya fara. Ya ajiye mota ya hau bas, ya sauka a tsakiyar gada ya kama sassarfa. Wata rana ya dace, kwana biyu ya makara. Lemon da ya sayi gidan dominsa, ko inuwarsa bai taɓa zama ba. Ran hutu ma yana zaune ƙafarsa na rawa, yana lissafin fitar gobe.

Likitar da ke shugabantar asibitin mace ce mai kawaici. Sai da ta yi wata guda tana kallo, sannan ta kira shi ofis.

"Malam, ka san mutanen da ke jiranka ba jiran takarda suke ba. Ga shawara. Abokin aikinka da ke karɓa da sha biyu gidansa na kusa. Ka ba shi makulli ya riƙa buɗewa, kai ka koma na rana."

Maganar gaskiya, wannan gata ne. Amma shi abin da ya ji daban. In ya miƙa makulli, ya yarda ke nan matarsa ta fi shi gaskiya, kuma duk asibiti za a ce gidan da yake ta cika baki a kansa ne ya kayar da shi.

"Ranki ya daɗe, ki ba ni mako ɗaya. Na kusa gano hanyar."

"Mako ɗaya," in ji ta. "In aka kuma, ba ni da abin cewa."

A gida ko uffan bai ce ba. Da matar ta ga ya rame ta tambaye shi, sai ya ce aiki ne ya yi yawa.

Ran Alhamis wata babbar mota ta mutu a tsakiyar gada, ta tare hanya gaba ɗaya. Ba gaba, ba baya. Yanzu-yanzu ya fito ya shiga, ya shiga ya fito. Wayarsa ta yi ta ƙara, yana ganin lambar asibiti yana kifa ta a kujera, yana cewa a ransa ai yanzu za a buɗe. Da kira ɗaya ya amsa ya ce kowa ya karya, da an huta. Bai yi ba, don kunya. Goma saura ya shiga asibiti da gudu.

Bencin ba kowa. Wata matashiya ce kaɗai a tsaye, da ledar burodi da flas ɗin shayi a hannu, idanunta sun yi ja.

"Kai ne mai ɗibar jini?" ta ce. "Tun shida da rabi muke nan da mahaifiyata. Ta sha maganinta da asuba yadda ta saba, ba ta ci komai ba. Nas ta ce kowa ya karya, kowa kuwa ya karya ban da ita. Na roƙe ta, na kai mata burodin nan har baki, ta kau da kai. Wai kai ka hana. Tana zaune a nan ta sulale ƙasa."

Ya bi ta zuwa ɗakin da aka kwantar da tsohuwar. An sa mata ƙarin ruwa, an ɗaure goshinta inda ya bugi bakin benci. Likita na tsaye a kanta. Allah ya sa da sauran kwana, suga ne ya yi ƙasa sosai, an kuma yi saurin taro shi.

Tsohuwar ta buɗe ido da ƙyar, ta gane shi. Ya tsaya yana jiran zagi, da ma zagin ta yi da ya fi masa sauƙi. Sai ta miƙo masa ɗaya hannun, tana ƙoƙarin naɗe hannun rigarta.

"Ɗana, ka iso? Sannu da hanya. Ban ci komai ba fa, yadda ka ce. Zo ka ɗiba."

Allah sarki. Mutumin da bai taɓa iya tsayawa wuri ɗaya ba, ranar ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa. Hawaye suka zubo masa a gaban kowa. Likita ba ta ɗaga murya ba, tafin hannunta kawai ta buɗe. Ya zaro makullin ya ɗora mata, kuma bai sake buɗe wannan ɗaki ba. Kafin azahar an ba shi takardar sallama.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, abin da za ka zauna da shi shekara da shekaru, kada ka yanke shi cikin minti kaɗan don wani ya ce maka lokaci na ƙurewa. Mai neman gida ya duba shi a ranar da zai fi ba shi wahala, ya bi hanyarsa a lokacin da zai riƙa bin ta, ya kuma saurari wadda za su zauna tare. In kuma an riga an yi kuskure, a faɗa da wuri, a karɓi gyara tun ana tayi. Gaggawarmu da girman kanmu ba mu kaɗai suke cutarwa ba, sun fi faɗawa kan mutanen da suka yarda da maganarmu.