Ranar Da Tsuneo Ya Kira Sunan Ɗansa

Akwai wani dattijo mai suna Tsuneo Horiuchi, haifaffen nan ƙauyenmu na Oshino, a gindin Dutsen Fuji. Tun yana saurayi aiki ya kai shi Yokohama, can ya yi iyali, can ya tsufa. Bayan rasuwar matarsa Fusae sai ciwon mantuwa ya kama shi, har ya daina gane 'ya'yansa biyu, Katsuya da ƙanwarsa Harumi. Magana ma ta ɗauke, sai dai ya yi ta kallon bango.

Harumi ce ke jinyarsa. Ita ta nace sai an kawo shi ya ga tafkunan garinsu kafin tafiya ta gagare shi. Katsuya ya tuƙo su yana ta mita.

"Mutumin da bai san ko ya ci abinci ba, shi zai gane ruwa?"

"Haba Yaya, a gabansa kake faɗa?"

"To ji yake yi?"

Da suka iso gari a lumshe yake, gajimare ya rufe dutsen ruf. Harumi ta tura mahaifinta a keken marasa lafiya har bakin tafkin da ke kusa da wani tsohon gida mai rufin ciyawa.

Mu da muke gani kullum ma ruwan nan bai daina ba mu mamaki ba. Ƙanƙarar kan dutse ce ke narkewa ta nutse cikin ƙasa, ta yi shekaru tana tafiya a ɓoye kafin ta ɓullo a nan. Kana iya ganin kowace tsakuwa a can ƙasa, kifaye kuwa kamar a iska suke shawagi.

Harumi ta tsaya baki buɗe. Tsoho kuwa ko motsi bai yi ba.

"Kin gani ko? Ba dutse, ba Baba. Tashi mu tafi kafin hanya ta cushe."

"Mu ɗan ƙara jira, Yaya."

"Ke dai da taurin kai aka haife ki. Ina mota, waya zan yi."

Ya juya ya tafi.

Harumi ta sayo gasasshiyar wainar shinkafa mai ganye, tana gutsurawa tana sa wa mahaifinta a baki. Sanyi ya fara shiga jikinta, ta cire mayafin wuyanta ta naɗa masa. Masu yawon buɗe ido suna zuwa suna wucewa, ita tana durƙushe a gefensa.

Can iska ta kaɗa, gajimare ya dare. Sai ga Fuji gaba ɗayansa, kansa fari sol, ga kuma hotonsa kwance cikin ruwan, kifi yana ratsa ta tsakiyarsa.

Tsuneo ya sunkuya, ya miƙa hannu ya taɓa ruwan da ke gangarowa ta bakin tafki. Ya daɗe yana kallon yatsunsa.

"Har yanzu da sanyinsa," ya ce.

Harumi ta daskare. Ta manta rabon da ta ji muryar nan.

"A nan na fara ganin Fusae, tana wanke ganye. Na yi ta kallonta har ƙafata ta zame na faɗa ruwa. Ta yi mini dariya kamar me!" Ya juyo ya dube ta sosai. "Harumi, kin rame. Ba kya cin abinci ne?"

"Ina ci, Baba," ta ce, hawaye na zuba.

"Ina Katsuya? Kira mini shi. Na yi masa faɗa da yawa yana ƙarami, ina so in ce masa ya yi haƙuri."

Nan take ta buga wa yayanta waya. Layi a cike. Ta sake bugawa, haka dai. Ba ta iya barin tsoho shi kaɗai a bakin ruwa ba, sai ta juya keken ta tura da gudu zuwa wurin ajiye motoci.

Katsuya ya hango su, ya fito.

"Lafiya?"

"Yaya, ya kira sunanka! Nemanka yake yi!"

Katsuya ya zube a gaban keken. "Baba, ga ni. Ni ne Katsuya."

Tsoho ya dube shi da fara'a, ya ɗan sunkuyar da kai cikin ladabi.

"Sannu bawan Allah. Kai ma ruwa ka zo gani?"

Daga ranar Tsuneo bai sake magana ba, har ya rasu a farkon hunturu. Harumi ta faɗa wa yayanta duk abin da ya ce, kalma bayan kalma. Katsuya ya saurara har ƙarshe, sannan ya roƙe ta ta sake maimaita masa.

Darasi: Ka yi haƙuri da iyayenka idan sun tsufa, ka zauna kusa da su ko da kana ganin ba su san kana wurin ba. Ba ka san lokacin da za su neme ka ba, kuma wani lokacin sau ɗaya yake zuwa. Ku tura wa duk wanda iyayensa ke raye, wataƙila yau ya je ya gaishe su.