Dalilin da Ya Sa Hamma Take Tsallakawa Daga Baki Zuwa Baki

Dalilin da ya sa in mutum ɗaya ya yi hamma a cikin taro sai ka ga na kusa da shi ma ya wage baki, yara, ba kwaikwayo ba ne. Abin yana da asali. Ku gyara zama in gaya muku.

A zamanin da, babu wanda ya san hamma. Barci kuwa wani tsoho ne siriri mai sanyin hannu, wanda ke yawo da ƙafarsa, ba ya ko sa takalmi don kada a ji motsinsa. In rana ta faɗi sai ya shigo gari ya bi gida-gida, yana shafa idon mutane da tafin hannunsa. Wanda ya shafa ya kwanta, wanda bai iso gare shi ba ya jira.

To, akwai wani garin manoma da ake kira Kwarin Gawo. A garin akwai wata ungozoma mai suna Inna Tabawa, wadda rabin mutanen garin a hannunta suka faɗo duniya. Ta fi kowa sanin Barci, don sau da yawa sukan yi kiciɓis a ƙofar gida, ita tana fitowa daga karɓar haihuwa, shi yana shiga. Sukan gaisa. Wani lokaci ma takan ce masa, "Baba, fara da mai jegon nan, ta sha wuya." Shi kuma sai ya fara da ita.

Wata shekara damina ta yi albarka, dawa ta yi kai har tana rangaji. Sai aladun daji suka sa gonaki a gaba. Sarkin Noma Jatau, wanda ya fi kowa faɗin gona, ya zuba masu gadi. Amma Barci bai san mai gadi ba, bai san mai gona ba. Duk idon da ya tarar a buɗe, shafawa yake yi. Gari ya waye, aka tarar da masu gadi suna minshari, gefe guda na gonar Jatau kuma a kwance.

Jatau ya tara jama'a a dandali cikin fushi.

Ya ce, "Ba alade ne ya ci mu ba, wancan tsohon ɓarawon ne! Kullum sai ya sace mana rabin rayuwa. Da babu shi, kowa a nan gona biyu zai noma. Yau sai ya bar mana gari."

Inna Tabawa ta ce, "Sarkin Noma, a bi a hankali. Jakin da ba a sauke wa kaya ba ya kai gari."

"Inna, ke haihuwa kika sani. Bar mana maganar gona."

Da magariba, Barci na shigowa, suka tare shi da ganguna da kururuwa, mata na buga taɓarya a turmi, maza na kaɗa wutar kara. Wani ya watsa garwashi a kan hanya, tsohon ya taka da tafin ƙafarsa. Da ɗingishi ya kai gindin gawon da ke ƙofar gari. Nan ya juyo ya ce, "Na rantse, ƙafata ba za ta sake taka ƙasar Kwarin Gawo ba." Ya shige daji.

Kwanakin farko murna aka yi ta yi. Aka girbe dawa cikin kwana uku, aka yi ta yi wa Jatau kirari. Amma kafin mako ya zagayo, idon kowa ya yi ja kamar gauta. Mace ta zuba gishiri a kunu, ta sa zuma a miya. Maƙeri ya daki yatsansa maimakon ƙarfe. Aminai biyu da suka shekara talatin ba su taɓa saɓawa ba suka kama kokawa a kan wata kaza da ba ta kowa ba ce a cikinsu. Shi kansa Jatau an gan shi tsaye yana gaida rumbu, yana jira ya amsa.

Nan fa kowa ya shiga neman magani. Wasu suka sha madara mai ɗumi, wasu suka yi wanka da ruwan zafi suka kwanta suka rufe ido, boka ya ƙona turare har ya ƙare. Ido dai ƙyam. Inna Tabawa ta dube su ta ce, "Duk abin da kuke yi daidai ne, amma shimfiɗa kuke yi wa baƙon da kuka kora."

Ran kwana na goma, 'yarta Ladingo ta haihu, ta sami mace. Jaririyar ta faɗo cikin garin da babu barci. Ta yi kuka yini da kwana, ta sake yin wani, har muryarta ta dushe, sai baki kawai take buɗewa. Nonon uwar ya ɗauke. Inna Tabawa ta karɓi jarirai ba iyaka, ta kuma san wannan ba za ta kai ranar suna a haka ba.

Ladingo ta kama zanenta ta ce, "Inna, mutuwa za ta yi, ko?"

"Riƙe ta. Ina zuwa."

Da sassafe ta ƙulla man kaɗe a bakin zane ta fita daga gari. Ba ta san inda Barci ya nufa ba, sai ta bi inda duniya ke ƙara yin shiru. Ta wuce garken shanu a kwance suna tuƙa, makiyayin ya jingina da sanda yana gyangyaɗi. Ta yi gaba, ta tarar da wani masunci sheme a cikin kwalekwalensa da rana tsaka. Ta ce a ranta, na kusa. Can a bakin kogi, ƙarƙashin wata tsamiya, sai ga tsohon zaune, ya tsoma ƙafafunsa a ruwa.

Ta yi sallama, ya amsa ciki-ciki. Ta durƙusa, ta ɗago ƙafafun nan da suka kumbura, ta goge su da gefen zanenta, ta shiga shafa musu man kaɗe a hankali. Sai da ta gama sannan ya yi magana.

"Tabawa, na san abin da ya kawo ki. Kada ki wahalar da bakinki."

"Baba, jikata kwananta uku a duniya, ba ta san hannunka ba. Ita ba ta buga ganga ba, ba ta watsa garwashi ba."

Tsohon ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Wallahi na ji tausayinta. Amma na riga na rantse, kuma a gaban jama'a."

Inna Tabawa ta dubi ƙafafun da ta shafa wa mai. Can ta ce, "Maimaita mini rantsuwar."

"Na ce ƙafata ba za ta sake taka ƙasar garinku ba."

"Ƙafa ka ce. To, ni ungozoma ce. Duk wanda na taɓa shigo da shi garin nan, babu wanda ya zo da ƙafarsa. Ɗaukarsa na yi."

Barci ya yi 'yar dariya. "Goya ni za ki yi? Jatau ya hango ni a bayanki, a sake ɗauko ganguna?"

"Ba a baya ba. A baki."

Ya dube ta da kyau. Sannan ya ce, "Kin san abin da kike nema kuwa? Ƙato nake shafa wa ido da hannu ɗaya ya zube. Ke kwana goma sha uku ba ki runtsa ba, kina so ki haɗiye ni ɗungurungum? In kika faɗi a hanya bakinki ya buɗe, na fita ke nan, kuma ba za ki sake ganina ba."

"Na ji."

"Saura kuma. In na koma, ba zan ƙara shiga inda ake hayaniya da wuta mai haske ba, na ƙoshi da su. Bakin da ya yi ja da goro bayan la'asar, ba ni ba shi. Wanda kuma ya kwanta da faɗa yana tafasa a ƙirjinsa, ina zan sami wurin zama? Ki gaya musu."

"Zan gaya musu, Baba. Shigo, rana na yi."

Sai tsohon ya ƙanƙance, ya zama kamar tururin da ke tashi daga tukunya. Inna Tabawa ta ja numfashi ta zuƙe shi, ta datse baki.

Kai, yara! Nan take ƙafafunta suka yi nauyi kamar an ɗaura mata duwatsun niƙa. Kowace inuwa ta gani sai ta ji kamar ana kiranta. Ta karyo ƙayar aduwa ta damƙe a tafin hannu, in ta ji ido zai rufe sai ta matse. Ta cire takalmi ta bi ta kan tsakuwa mai zafi. Sau biyu tana faɗuwa a kan gwiwa, sau biyu tana tashi, hannu ɗaya toshe da baki. Makiyayin nan ya farka ya gaishe ta, ba ta amsa ba, ya ce yau kuma tsohuwa da girman kai ta tashi.

Da la'asar ta iso gindin gawo. Jama'a na zube a nan, kowa ya zuba ido kamar mujiya. Jatau ya taso ya tare hanya.

"Inna, daga ina?"

Ta kauce dama, ya tare. Ta kauce hagu, ya tare.

"Ana magana kin yi gum. Me kika ƙunso a baki? In ba ki faɗa ba, ba ki wucewa."

Ta hango rufin ɗakin Ladingo can ƙarshen gari. Ta matse ƙayar nan har jini ya biyo yatsunta, amma ƙarfinta ya ƙare. Muƙamuƙinta ya saki, bakin ya buɗe, ya yi ta buɗewa har hawaye suka zubo mata. Wannan ita ce hammar farko a duniya.

Barci ya fito, ya duba ƙasa, ya tuna rantsuwarsa. Ina zai sa ƙafa? Ga Jatau tsaye, ya saki baki don mamaki. Sai ya yi tsalle ya faɗa ciki.

Sarkin Noma ya wage baki har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Wannan wane irin..." bai ƙarasa ba ya sulale a gindin gawo. Daga bakinsa Barci ya tsallaka na maƙeri, daga na maƙeri zuwa na mai fura, daga nan ya faɗa na wata mata da ke leƙe ta kan danga. Ko'ina ya bi sai ya bar sanyin hannunsa. Hamma ta kama hanya tana bin gari, gida bayan gida, da saurin da tsohon bai taɓa yi da ƙafa ba.

Inna Tabawa ta bi bayanta tana tangaɗi, tana dafa bango, tana tsallake mutanen da suka zube a hanya. Ta isa ƙofar ɗaki daidai lokacin da Ladingo ke rufe baki. Sai ta ga ɗan bakin jaririyar nan, wanda bai fi bakin tsuntsu ba, ya buɗe a hankali, ya rufe. Idanun suka lumshe. Ɗakin ya yi tsit.

Inna Tabawa ta rarrafa ta kara kunne a ƙirjin yarinyar, don ta ji ko tana da rai. Numfashi na shiga yana fita, sannu-sannu. Guɗa ta taso mata har maƙogwaro, ta haɗiye ta don kada ta tashe su. Nan bakin gado ta kife, ba ta ko saki ƙayar ba.

Kwana biyu Kwarin Gawo na barci. Awaki suka shiga gidaje suka ci abin da suka ga dama, babu mai korarsu. Da aka farka, nonon Ladingo ya dawo, jaririya ta kama ta sha har ta ƙoshi. Aminan nan biyu suka dubi juna suka rasa abin da ya haɗa su. Jatau kuwa ya zo har gida, hula a hannu, ya durƙusa.

"Inna, na yi wauta. Ki yafe mini."

"Ba ni ka ƙona wa ƙafa ba, Sarkin Noma. Amma tara mini jama'a, akwai saƙo."

Ta tsaya a dandalin da aka ƙi jin maganarta, ta faɗi sharuɗɗan Barci ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya yi ko tari. Tun daga ranar, in an yi sallar isha'i sai a rage wuta, a ajiye ganga. Masu cin goro suka mai da shi na safe. Wanda ya yi faɗa da wani yakan je su shirya tun rana ba ta faɗi ba. Ran suna kuwa, guɗar da Inna Tabawa ta haɗiye ta sake ta, har ƙauyukan kusa sai da suka ji.

Shi kuma Barci ya ga tafiya ta bakin mutane ta fi masa sauƙi, ga sauri, ga babu garwashi. Bai sake sa ƙafa a ƙasa ba, a garin nan ko a wani.

Shi ya sa har yau ba mai ganin Barci yana shigowa, sai dai ka ga wani ya yi hamma, ta tsallako bakinka ko kana so ko ba ka so. Shi ya sa kuma in ya ƙi zuwa ba a kamo shi da ƙarfi. Sai a rage fitila, a yi shiru, a sauke abin da ke zuciya, a jira tsohon ya sami bakin da zai biyo.