Motar Gindin Mangwaro da Baƙin Man Injinta

Akwai wani magidanci da ya gaji tsohuwar mota daga mahaifinsa. Ta daɗe a gindin mangwaro ba ta motsi, har kaji suka mai da kujerar bayanta akurki. Mahaifiyarsa kuwa ta tsufa, tana marmarin ganin ƙanwarta da ke wani ƙauye can a kan dutse. Ƙafa ba ta kai ta, babur kuma tsoronsa take ji. Sai ya ce mata, "Mama, a motar Baba zan kai ki."

Ya kira wani dattijon bakanike, Baba Dogara. Shi kuwa ya sauke injin, ya kwance shi, ya wanke, ya sa sababbin ƙarafa inda na dā suka cinye. Ranar da motar ta tashi, unguwa duka ta fito kallo, mata suna guɗa.

Magidancin ya ɗauko man inji da ya saya, irin na motocin zamani, cikin galan mai ƙyalli. Baba Dogara ya shafa a yatsa, ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗana, wannan ya cika santsi. Sababbin ƙarafa sai sun ɗan gogi juna kafin su saba. Ga mai kauri, irin na zamaninta. Kada ka yi gudu, kada ka yi mata lodi, kada ka hau dutse tukuna. Amma kada ka ajiye ta, ka riƙa zagayawa da ita kullum."

Haka ya yi. Masu keke suka riƙa wuce shi suna cewa, "Sannu da gudu, direba!" Wata rana suna dawowa daga sujada, matarsa ta ce, "Maigida, sauke ni in riga ka gida in ɗora tukunya." Ya yi dariya, bai ƙara wuta ba. Mahaifiyarsa kuma kowace safiya sai ta tambaye shi, "Yau ne?" Yakan ce, "Saura kaɗan, Mama." Wannan ya fi ba'ar masu keke yi masa nauyi.

Da lokacin juyen mai ya yi, Baba Dogara ya tsiyaye man cikin kwano. Sai ga shi baƙi ƙirin, ɓurɓushin ƙarfe yana walƙiya a ciki. Magidancin ya leƙa kwanon. Ya ce, "Wayyo Baba, injin yana cin kansa! Duk haƙurina ya tashi a banza?"

Dattijon ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Abin da nake jira in gani ke nan. Kaushin ne ya fita, man ya kwaso shi. Yanzu ƙarafan sun zauna da juna." Ya zuba sabon mai, ya ce, "Je ka, dutse naka ne."

Kashegari motar ta haye dutsen ba ko tari. Tsofaffin nan biyu suka rungumi juna a ƙofar gida, suna kuka suna dariya.

To, ga ma'anar misalin nan. Injin da aka sabunta shi ne mutumin da Ubangiji ya ba sabuwar zuciya. Kai da ka tuba kwanan nan, kada ka ɗauki kayan da ya fi ƙarfinka don mutane su yaba maka, kada kuma ka zauna kawai. Ka yi ta zuwa sujada, ka yi ta addu'a, a hankali. Man da ya dace shi ne Maganar Allah ta gaskiya, ba koyarwa mai santsi da ke faranta kunne ba. Sa'ad da ka shiga zumunta, ka gogu da 'yan'uwa, sai ka ga fushi da girmankai suna fitowa daga cikinka, kada ka ce, "Ashe ban sabuntu ba." Kawo su gaban Ubangiji ka zubar. Fita suke yi, ɗan'uwa, ba shiga ba.