Tutar Mahautan Kanyawa

Ku matso kusa, kai ma mai dariyar nan ka nutsu, don rigimar da zan ba ku har yau ba a kashe ta ba.

A garin Kanyawa mahauta suna da ƙungiyar ƙwallo. Kaka guda suna faɗi-tashi, har Allah ya kai su wasan da duk wanda ya ci zai haye rukuni na sama. In suka faɗi kuwa, an riga an ce filinsu tashar mota za a mayar da shi. Al'adarsu, wanda ya fi kowa taka rawa shi ke ajiye tutar ƙungiya a gidansa.

Mahauta na gaba da ci ɗaya, ana dab da tashi, sai alƙalin wasa ya ba baƙin da suke karawa da su fenariti. Fili ya ruɗe. Kun dai san doka, aka taɓa alƙali, baƙi sun ci wasa.

Wani marar kunya ya wurgo dutse. Tasalla mai tuwo, wadda ke ciyar da 'yan wasan tun farkon kaka, tana bakin layi. Ta sha gaban alƙali ta ɗaga farantinta. Dutsen ya daki faranti, ya goce ya fasa mata goshi, alƙali ko ƙwarzane bai yi ba.

Samarin mahauta kuwa sun riga sun ɗare shingen waya za su afka wa alƙali. Sai ga Sallau makaɗi. Ya gyara kalangunsa ya buga taken Sarkin Fawa, wanda ɗan mahauci in ya ji, ko wuƙa ce a hannunsa sai ya ajiye ya durƙusa. Wallahi haka suka yi ta sulalowa suna durƙusawa, har da mai jifan.

Ƙura ta lafa, aka ajiye ƙwallo. Nalado mai tsaron gidan mahauta tun kafin hutun rabin lokaci yatsansa ke targaɗe, ya ƙi a canza shi. Aka buga, ya yi tsalle, ya ture ta da wannan hannun. Alƙali ya hura tashi, mahauta suka haye, fili ya tsira.

Da suka koma gari, Sarkin Fawa ya ɗauko tuta, ya dubi goshin Tasalla, ya dubi kalangun Sallau, ya dubi kumburarren hannun Nalado. Ya ce, "'Ya'yana, tutar nan ba ta rabuwa, ni kuwa na rasa."

To, ku da kuke ta muzurai, a gidan wa za a kafa ta?