Tutar da Ke Kan Burodin Aveline

Akwai wata tsohuwa mai suna Aveline a wani ƙauyen arewacin Faransa, zamanin da sojojin Ingila suka mamaye yankin. Taurin kai ne da ita, ko limamin coci sai ya shirya kafin ya yi mata gyara.

Tanderu ɗaya ne a ƙauyen, na mai gari. Ranar gashi kowace mace takan zana alamar gidanta a kan kwaɓinta don kada burodi ya cakuɗe. A cikin abin da aka gasa ake cire rabon mai gari, wanda yanzu sojoji ke cinyewa.

Alamar Aveline 'yar tuta ce. Ɗanta ya bi Jeanne, budurwar nan da ta jagoranci yaƙin korar sojojin Ingila daga Orléans, bai kuwa dawo ba. Ita ma Jeanne an kama ta an ƙone ta. Tun daga nan tsohuwar take zana tutar yarinyar a kan burodinta, jikokinta biyu marayu suna ci.

Gervais mai kula da tanderu ya samu shiga a wurin sojoji, har tafiyarsa ta canza. Wata ranar gashi, cikin tsananin sanyi, ya tare Aveline a ƙofar tanderun.

"Inna, goge wannan. An hana."

"Wa ya hana?"

"Waɗanda ke da takobi. Zana gicciye ko kaza, kamar kowa."

"Gervais, ni na wanke ka ranar da aka haife ka. Kai ne za ka zaɓar min abin da zan zana da yatsana?"

Kunya ta kama shi a gaban mata, sai ya fusata. Ya ture farantin, kwaɓin ya faɗi a laka.

"In dai da tutar nan, kin gama gashi a nan."

Aveline ta tattara kwaɓin ta koma gida. Satin nan kunun gari suka sha, ƙaramar jikarta tana kukan yunwa. Zuciyarta ta karaya, ta yi kuka a ɓoye. Amma da ranar gashi ta zagayo, ta kankare ƙasan buhu, ta kwaɓa, ta zana tutar har ta fi ta da girma.

Tana isa ta tarar da mata sun yi layi, farantansu a rufe. A gaba akwai Sibille matar mai injin niƙa, wadda suka yi shekaru ba sa ga maciji da ita saboda rigimar wata agwagwa.

Gervais ya ɗaga mayafin farantin Sibille. Tuta. Ya ɗaga na biyu, tuta. Har na matarsa.

"Kun haukace ne? Ta yaya za ku gane burodinku? Ke Sibille, naki farar alkama ce, na Aveline rabi dusa."

"Ina ruwanka? Cikinka ne?" in ji Sibille. "In ka isa, ka rufe tanderun kowa ya rasa. Ga iyayen gidanka can suna jiran abinci, sai ka je ka yi musu bayani."

Ya waiga. Sojoji suna tsaye da kwanduna, yunwa ta cika musu ido. Ya sunkuyar da kai, ya ɗauki katakon zura burodi.

Da aka fito da shi, ba wadda ta tsaya neman nata. Sibille ta ɗauki mafi baƙi ta sa a kwandonta, ta miƙa wa Aveline fari.

"Kada ki ɗauka na manta da agwagwata."

"Ni ma ban manta ba," in ji Aveline, hawaye na zubo mata.

Ranar jikokinta suka fara ɗanɗana farin burodi. Sojojin da shugabanninsu suka sa aka ƙone Jeanne kuwa, da tutarta suka kashe yunwa har sanyi ya wuce.

Darasi: Azzalumi yana iya hana mutum ɗaya abinci, amma ba ya iya rufe tanderun gari duka. Idan ka ga wani ya tsaya kan gaskiya shi kaɗai, je ka tsaya kusa da shi, ko da kuna da tsohuwar rigima. Ku tura wa wanda kuka san yana tsaye shi kaɗai yau.