Matis Uku da Tsohuwar Marina

Ku matso kusa. Kai mai dariya a baya, adana ta, ba yanzu ba. Ga magana nan zan ajiye muku, ku za ku yanke mata hukunci.

A wani gari an yi wani malamin firamare mai koyar da Turanci, ana ce masa Malam Cindo. Wata shekara aka zuba masa yara uku a aji, kowanne sunansa Mati. In ya kira ɗaya, uku su miƙe. In ya tsawata wa ɗaya, uku su ɓata rai. Da abin ya ishe shi, sai ya ce ai Turawa sun huta da wannan wahala, in mutane suka haɗa suna sai su liƙa wa sunan 'yar wutsiya su kira su a dunƙule. Daga ranar ya koma kiran su "Matis", su kuwa su amsa baki ɗaya. Gari ya ɗauka. Har suka yi gemu, ɗaya ya zama ladan, ɗaya mahauci, ɗaya dillalin shanu, sunan bai sake su ba.

Malam Cindo bai sami haihuwa ba sai da furfura ta cika masa kai. Da Allah ya ba shi ɗa namiji, don ƙaunar almajiran nan nasa ya raɗa masa Mati. Uwar yaron ba ta daɗe ba ta rasu.

To, a bayan garin akwai wata tsohuwar marina da aka daina rini a cikinta tun zamanin kakanni. Ramukan sun bushe ƙayau, amma ko akuya ba ta kiwo a wurin. Kowa ya san ƙa'ida: in rana ta take tsaka ka ji an kira sunanka daga can, kada ka amsa. Yaro dai yaro ne. Wata rana ya bi ta wurin, ya ji muryar uwarsa tana kiransa a hankali, ya ce na'am.

Da yamma Malam Cindo ya ga farcen yaron ya yi shuɗi. Ya wanke da sabulu, ya goge da toka, ina! Washegari shuɗin ya kai wuyan hannu. Yaron ya daina cin abinci, sai ya zauna ya fuskanci marina, jikinsa na warin baban rini. Malamin nan da bai taɓa yarda da irin waɗannan zantuka ba, tsoro ya kama shi.

Ya je wurin Iya Tabawa, 'yar marinin ƙarshe na garin. Ta ce abin da ke cikin ramin ba ya ganin fuska, suna kawai ya sani. Ya ƙulle amsar yaron a cikin wani ƙyalle a ƙasan rami, kuma gobe da rana tsaka zai sake kira. In yaron ya amsa na biyu, sai dai a yi haƙuri. Takwarorinsa kaɗai ke iya shiga tsakani, amma kowa ya shiga sai ya bar wani abu a can.

Malam Cindo ya tsaya a bakin kasuwa ya kira sunan nan na aji. Su uku suka amsa, babu wanda ya tambayi lada.

Mati ladan shi ya tsaya a bakin ramin. Da muryar ta taso, siririya kamar ta mai jinya, ya yi bisimilla ya amsa a madadin yaron. Abin ya saki yaron ya cafke amsar ladanin. Tun daga ranar bai ƙara furta ko kalma ɗaya ba, mutumin da muryarsa ke tashin unguwa biyar da asuba.

Mati mahauci kuwa, yayin da abin ya shagala, ya ɗaura igiya ya sauka. Ramin da kowa ya san busasshe ne, shi ya tarar da ruwa mai sanyi har ƙirji, wasu yatsu na shafa masa ƙafa. Ya lalubo ƙyallen, ya kwance ƙullin. Ya fito hannuwansa shuɗi har kafaɗa, shuɗin kuwa bai taɓa fita ba. Wa zai sayi nama daga irin wannan hannu? Ko kwano ɗaya mutane suka daina ci da shi.

Mati dillali shi ya rungume yaron a ɗaki, ya toshe masa baki, yaron na fizga da ƙarfin ƙato. Da abin ya gane an cuce shi, sai ya sake murya, ya koma ta mahaifiyar dillalin da ta rasu yana fatauci bai same ta ba. Tana kiransa, tana roƙon ya ba ta ruwa. Ya yi ta hawaye, bai amsa ba, bai saki yaron ba. Har yau kiran bai daina binsa ba, don haka ba ya amsa sunansa ko wa ya kira, kasuwa kuma ta watse masa.

Yaro ya warke sarai. Sai dai Iya Tabawa ta ce abin ya riga ya san ƙofar gidan Malam Cindo. Yaron ba zai ƙara kwana a nan ba, dole a ba da shi riƙo ga ɗaya daga cikin takwarorinsa, ya zama ɗansa har abada.

Malam Cindo ya tara su a zaure, yaron na riƙe da gefen rigarsa. Bakinsa ya suɓuce irin na da, ya ce, "Matis." Ɗaya ya motsa leɓe babu sauti. Ɗaya ya sunkuyar da kai. Mahaucin kaɗai ya amsa, yana ɓoye hannuwa cikin riga. Sannan duka ukun suka miƙo hannu ga yaron, tsohon ya fashe da kuka.

To, jama'a, ɗa ɗaya ne, ba ya rabuwa uku. Da wanda ya ba da muryarsa, da wanda ya ba da hannuwansa, da wanda ya ba da sunansa, wa Malam Cindo zai miƙa wa yaron?